Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumomin Jami'o'inmu: Kun Ce Mu Rubuta, Ku Ba Mu Abin Karantawa

Zuwa ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, da Babban Sakataren Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, TETFund, da Kwamitin Shugabannin Jami'o'in Nijeriya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin mutanen da ba kasafai muryarsu ke kaiwa zaurukan da kuke yanke shawara ba, wato ƙananan malaman jami'a da ke neman ƙarin girma, da ɗaliban digiri na biyu da na uku waɗanda muke duba ayyukansu. Ni malami ne a sashen nazarin labarin ƙasa a ɗaya daga cikin jami'o'in Arewa, kuma na yi shekara 14 ina wannan aiki. Abin da zan faɗa a nan mun daɗe muna tattauna shi a ofisoshinmu da gindin darbejiyar da ke gaban sassanmu, kuma abokan aikina sun yarda in faɗe shi a bainar jama'a ba tare da na ambaci sunan jami'armu ba, domin matsalar ta wuce jami'a ɗaya.

Abubuwa biyu ne suka faru a wurinmu cikin zangon karatu ɗaya, su ne suka sa na ɗauki alƙalami. Damar da muke da ita ta shiga rumbunan mujallun bincike ta intanet ta yanke, aka ce mana wa'adin kuɗin da aka biya ne ya ƙare, ana jiran a sabunta, kuma har yau watanni sun shuɗe babu labari. A daidai wannan lokaci kuma aka raba mana takardar sababbin sharuɗɗan ƙarin girma, wadda ta ce lallai wani kaso na maƙalun da malami zai gabatar ya kasance an buga su a mujallun da ke cikin jerin Scopus ko Web of Science, wato manyan jeri biyu na ƙasashen waje da ke tattara sunayen mujallun da aka tantance. Da na tuntuɓi abokai a wasu jami'o'i sai na tarar da labari mai kama da namu. An ƙara mana kaya a ka, an kuma zare mana gammo. Wannan rashin abin karantawa shi ne kokenmu na farko.

Ranku ya daɗe, ku malamai ne kafin ku zama shugabanni, kun san yadda manazarci yake karatu, amma ku yi mini haƙuri in bayyana shi saboda sauran masu karanta wannan wasiƙa. Manazarci ba ya ɗaukar mujalla ya karanta daga bango zuwa bango kamar yadda ake karanta jarida. Da tambaya yake farawa. Ya nemo maƙalar da ta taɓa tambayar, ya karanta tsakurenta, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkonta, ya shiga ciki ya duba hanyar da aka bi aka tattara bayanai da yawan mutanen da aka tambaya da inda sakamakon yake da rauni, sannan ya gangara ƙarshe zuwa jerin manazarta, inda zai tsinci wasu ayyuka biyar ko goma da ya wajaba ya nemo. Kowanne daga cikinsu kuma zai kai shi ga wasu. Da haka ake gina babi na biyu na kowane kundi, bitar ayyukan da suka gabata, kuma da haka mutum yake gane ko tambayar da yake ji da ita wani ya riga ya amsa ta shekara 20 da suka wuce. Wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar da malaman zaure suke tambayar almajiri wurin wa ya ɗauki littafi, shi kuma malamin nasa wurin wa ya ɗauka. Idan rabin ƙofofin da wannan salsala ta bi ta cikinsu a kulle suke, abin da ɗalibi zai rubuta ba zai wuce jita-jitar ilimi ba.

Ina da wata ɗaliba, malamar makarantar sakandare ce mai 'ya'ya uku, takan shigo mota daga garinsu ranar Juma'a da yamma ta koma ranar Lahadi. Tana nazarin yadda ciyawar kachala ta mamaye fadamun Haɗeja da Nguru, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, ta kuma zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu yi wa hatsi ɓarna. Batu ne da aka yi rubutu da yawa a kansa, domin tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin ambaliyar kogin Haɗeja ya sauya, kuma masana daga ƙasashe daban-daban sun bi wannan sauyi suna aunawa. Ranar da ta kawo mini babinta na biyu sai na lura duk aikin da ta ambata jimla ɗaya kacal ta ba shi, babu bayanin yadda aka yi shi, babu suka, babu kwatantawa. Da na tambaye ta, ba ta ce komai ba, sai ta ciro wayarta ta buɗe mini shafin wata maƙala. Tsakure ne kawai a fili, a ƙarƙashinsa kuma an rubuta farashin karanta sauran, kusan dala 40. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga kusan naira 460 har ta haura 1,500 a 2024, wato maƙala ɗaya ta kai naira 60,000, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne. Irin waɗannan maƙalu sama da 30 take buƙata. Ta ce mini, "Malam, tsakuren nake karantawa in rubuta abin da na fahimta." Ban iya yi mata faɗa ba, domin ni ma da nake duba aikin nata ba ni da hanyar buɗe su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ƙasarta ce ake magana a kanta a cikin waɗannan maƙalu, da manomanta da masuntanta. Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da aka fi nazari a Afirka ta Yamma. Michael Mortimore ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana bin diddigin yadda manoman karkarar Kano suke riƙe ƙarfin gonakinsu duk da yawan jama'a. Polly Hill ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina ta nazarci tattalin arzikin ƙauye. Mutanenmu ne suka buɗe musu rumbunansu, suka amsa tambayoyinsu, suka zaga da su gona-gona. Yau jikokin waɗannan mutane suna digiri na biyu, kuma yawancin abin da aka rubuta game da kakanninsu sai da dala ake karanta shi.

Gara in faɗa muku gaskiyar yadda muke rayuwa a haka. Bara muke yi. Duk wanda yake da aboki da ke karatu a Malesiya ko Ingila yakan tura masa sunan maƙala ta WhatsApp ya roƙe shi ya sauko masa da ita, ya jira kwana biyu ko mako, kuma ba za a roƙi mutum ɗaya sau 30 ba. Wasu kuma sukan bi ta Sci-Hub, shafin da wata ɗaliba 'yar Kazakistan, Alexandra Elbakyan, ta kafa a 2011, wanda kotuna a Amurka suka yanke hukuncin cewa ya saɓa dokar haƙƙin mallaka. Ba na jin daɗin in tsaya a gaban aji ina gargaɗin ɗalibai game da satar fasaha alhali na san ta wace ƙofa suka samo abin da suka karanta. Jami'ar da ta tilasta wa malamanta zaɓi tsakanin jahilci da ɓarauniyar hanya ta sa su a matsayin da bai dace da su ba.

Na san za a ce ai akwai hanyoyi masu rahusa, kuma gaskiya ne. Akwai shirin Research4Life na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan kamfanonin ɗab'i, wanda ya fara da Hinari na fannin lafiya a 2002, aka ƙara AGORA na aikin gona a 2003, da OARE na muhalli a 2006, kuma jami'o'inmu da dama sun yi rajista da shi. Akwai DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta. TETFund ma yana ware kuɗi na musamman domin bunƙasa ɗakunan karatu, kuma duk wanda ya zaga jami'o'in ƙasar nan ya ga gine-ginensa, ni kaina ina da abokan aiki da asusun ya biya wa karatun digiri na uku. Ba na musun ko ɗaya daga cikin wannan. Amma abin da aka saya bai zama namu ba sai ya iso hannun mai karatu. Na taɓa yin kwana uku ina neman kalmar sirrin wani rumbu da aka ce jami'armu tana da shi, daga ƙarshe na same ta a rubuce a wata 'yar takarda cikin aljihun teburin wani ma'aikaci da ya tafi hutu, kuma da na gwada ta sai na tarar an riga an sauya ta. Ɗalibai da yawa sukan gama digiri na biyu ba su taɓa jin sunan waɗannan rumbuna ba. Wanda kuma ya ji, sai a ce masa sai ya zo cikin harabar jami'a kafin ya iya shiga, alhali galibin ɗaliban babban digiri ma'aikata ne da ke zaune a wasu garuruwa, da dare suke karatu bayan sun sallami iyali.

Kokenmu na biyu game da laburaren kansa ne. Arewa tana da ɗakunan karatu masu daraja, irin su na Kashim Ibrahim a Zariya, da na Abdullahi Fodiyo a Sakkwato, da na Ramat a Maiduguri, ga kuma Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. Waɗanda suka kafa su sun ɗauki laburare a matsayin zuciyar jami'a. Amma duk wanda ya shiga sashen mujallu na tsofaffin jami'o'inmu zai iya karanta tarihin tattalin arzikin ƙasar nan a kan kantocin littattafai. Za ka ga kundayen mujalla ɗaya an ɗaure su da bango mai kauri, shekara bayan shekara a jere babu giɓi, tun daga shekarun 1960, sai su zo su tsaya cak a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira kuma kuɗin waje ya gagara. Daga nan sai ɗaiɗaiku, yawanci na kyauta. Wato matsalar da muke kuka da ita yau ta girmi ɗalibanmu, kuma duk lokacin da naira ta faɗi laburare ne yake fara shan wuya.

Yanzu da karatu ya koma kan na'ura, sai ga matsalar wuta. Ɗakin kwamfutoci da babu wutar lantarki ɗaki ne kawai. Tun da aka ƙara kuɗin wuta ga rukunin farko na masu amfani da ita a watan Afrilun 2024, zuwa naira 225 kowane ma'auni, jami'o'i suka shiga rabon wuta, kuma a wurinmu laburare ba ya cikin wuraren da ake fara tunawa da su idan za a tayar da janareta. A watan Oktoban 2024, lokacin da galibin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda cikin duhu, na ga ɗalibai zaune a matakalar laburare suna karanta maƙala a fuskar waya, suna rage hasken allon don kada caji ya ƙare, suna kashe datarsu ta kansu a gaban ginin da ke cike da kwamfutoci.

Akwai kuma abin da nake jin nauyin faɗa amma dole in faɗe shi, domin ya shafi Hukumar NUC kai tsaye. Idan lokacin tantance kwasa-kwasai ya gabato, laburare yakan farfaɗo. A biya kuɗin rumbunan da suka daɗe da yankewa, a share kantoci, a jera sababbin littattafai, wasu daga cikinsu aro aka yi daga ofisoshin malamai, a tayar da janareta tun safe. Tawaga ta zo ta duba, ta ba da maki, ta tafi. Bayan 'yan makonni kowa ya zo ya ɗauki littafinsa, bayan shekara guda kuɗin rumbu ya ƙare, babu mai waiwayarsa sai wata tantancewar ta matso. Na ga wannan da idona fiye da sau ɗaya. Ba na ɗora laifin a kan ma'aikatan laburare, domin su ne suka fi kowa jin zafin abin. An daɗe ana ambaton ƙa'idar cewa a ware wa laburare kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gudanar da jami'a, amma a shekarun da na yi ina aiki ban taɓa ganin an kafe mana takarda da ke nuna nawa aka ware da nawa aka sake ba.

Kokenmu na uku shi ne yadda ake auna darajar mujalla da darajar malami. Burin a sa mu buga a mujallu masu inganci buri ne mai kyau, kuma babu malamin kirki da zai ƙi shi. Amma mutum ba zai iya rubutu a mujallar da ba ya karantawa ba. Editocin irin waɗannan mujallu abin da suke fara dubawa shi ne ko marubuci ya san muhawarar da ake ciki a shekaru biyar na baya-bayan nan, kuma da yawa daga cikin maƙalunmu a wannan mataki ake mayar da su, ba a ma kai ga tura wa masana su tace su ba. Idan an tsallake wannan, sai a tarar da kuɗin bugawa. A yawancin manyan mujallun da ake karantawa kyauta marubuci ne yake biya, daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai, kuma mujallar Nature ta sa nata a yuro 9,500 lokacin da ta fara wannan tsari a 2021. Wasu kamfanoni suna yin rangwame ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma ko rabin dala 2,000 ya fi albashin ƙaramin malami na watanni.

A ɗaya ɓangaren kuma, kwamitocin ƙarin girma ƙirgawa suke yi. Ana cewa wannan matsayi yana buƙatar maƙala kaza, wancan kaza, a ba kowace maki, a tara. Inda duk aka ce yawa ne abin nema, kuma aka rufe hanyar inganci, 'yan kasuwa za su shigo. Kowane malami a ƙasar nan yana samun saƙonnin imel daga mujallun bogi masu manyan sunaye, suna alƙawarin buga maƙala cikin mako guda idan an biya. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tattara sunayensu har aka sauke jerin nasa a 2017. A 2013 kuma wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya ƙirƙiri maƙala mai cike da kurakurai da gangan, ya tura wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Wani abokin aikina, mutum mai ƙoƙari da gaskiya, ya tura aikin da ya yi shekara biyu yana tattara bayanansa ga irin wannan mujalla, aka amsa masa cikin kwana uku babu gyara ko na waƙafi, ya ci bashi ya biya. Da ya kai takardunsa gaban kwamiti aka ce ba a san mujallar ba, aka soke makin. Kuɗinsa ya tafi, ƙarin girmansa ya tsaya, aikin kuma ya ƙone, domin babu mujallar kirki da za ta karɓi abin da aka riga aka buga. Babu wanda ya taɓa ba shi jerin mujallun da aka amince da su kafin ya tura. Hukunci kawai ya tarar a ƙarshe.

Wannan sharaɗi yana da wata illa ta musamman ga abokanmu na sassan harsunan Nijeriya da Larabci da tarihi. Malamin da ya nazarci waƙoƙin baka ko rubuce-rubucen ajami, ya rubuta sakamakonsa da Hausa domin masu harshen su amfana, kusan babu mujallar da ke cikin waɗancan jeri na waje da za ta karɓi aikinsa a harshen da ya rubuta shi. Saƙon da sharaɗin yake isar masa shi ne ya bar harshensa idan yana son ya zama farfesa.

Wannan ya kawo ni ga koke na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran ban takaici domin maganinsa ba ya buƙatar dala. Muna kukan ba ma iya karanta na waje, alhali namu ma ba ma iya karantawa. Jami'o'inmu sun fitar da mujallu masu nauyi, irin su Savanna a Zariya, da Kano Studies da Harsunan Nijeriya da Algaita a Kano, da Degel a Sakkwato. A cikinsu akwai bayanai kan ƙasa da harshe da tarihi da ba za a same su a ko'ina a duniya ba, kuma wasu daga dattawan da aka yi hira da su sun daɗe da rasuwa. Amma ɗalibin da ke Gashuwa ko Dutsin-Ma idan yana neman tsohuwar fitowa sai ya shiga mota ya je ya yi ta tambaya ofis-ofis, wataƙila ya dace da wani dattijon malami da ya adana kwafi a gidansa. Mujallun sassa na yanzu kuwa sau da yawa kwafi kaɗan ake bugawa, a raba wa waɗanda suka rubuta a ciki domin su kai wa kwamiti, saura su zauna ɗaure a kwali. Shafin AJOL, wanda ke tara mujallun Afirka tun 1998, Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan mujallu a cikinsa, wanda ke nuna cewa ana iyawa, amma ɗimbin mujallunmu ba su kai can ba.

Haka kundayen digiri suke. Na taɓa shiga wani ɗaki da ake ajiye su, na tarar an jibge su a ƙasa har sun kai ƙugu, rufin yana yoyo ta kusurwa ɗaya, waɗanda ke ƙasa sun manne da juna, gara ta yi hanya ta cikin wasu. Na ɗaga ɗaya, aikin wani ne a kan rijiyoyin wata ƙaramar hukuma a farkon shekarun 1990, da zurfin ruwan kowace rijiya a rubuce da hannu a cikin jadawali. Irin wannan bayani ne mai nazarin sauyin yanayi yake nema ido rufe yau, kuma ba za a iya komawa baya a sake auna shi ba. Saboda ba a san abin da ke cikin waɗannan ɗakuna ba, ɗalibi a wata jami'a yakan maimaita binciken da aka riga aka yi, wani kuma ya kwafe shi ɗungurungum ya sauya suna, babu mai ganewa.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a daina barin kowace jami'a ta je gaban manyan kamfanonin ɗab'i ita kaɗai da 'yan nairorinta. A yi ciniki ɗaya da sunan ƙasa baki ɗaya, TETFund ya biya kai tsaye, na shekara uku zuwa biyar a lokaci guda, yadda faɗuwar naira ko jinkirin takarda a ofis ba zai yanke karatu a tsakiyar zango ba. Wasu ƙasashe sun yi. Masar ta buɗe rumbun ilimi na ƙasa a 2016 wanda kowane ɗan ƙasa yake iya shiga, Indiya kuma ta fara nata tsarin a watan Janairun 2025, inda gwamnati ta biya kamfanoni 30 domin mujallu kusan 13,000 ga manyan makarantu da cibiyoyin bincike na gwamnati. A cikin wannan ciniki a sa batun kuɗin bugawa ga marubutanmu, kuma a zauna da shugabannin laburarorin jami'o'i kafin a sa hannu, domin su suka san abin da ake nema. Kowane malami da ɗalibi a ba shi sunan shiga da kalmar sirri nasa na kansa, waɗanda za su yi aiki daga gidansa ko daga ƙauyensu.

Muna roƙon kowane laburare ya samu wutar sola da intanet nasa na kansa, daban da na sauran jami'a, kuma ya kasance a buɗe har dare da ranakun Asabar da Lahadi.

Ga Hukumar NUC, muna roƙon a sauya abin da tawagar tantancewa take dubawa. Ta nemi shaidar biyan kuɗin rumbuna na shekara uku a jere, da alƙaluman da ke nuna maƙala nawa aka sauko da su kowane wata, domin kamfanonin suna bayar da waɗannan alƙaluma ga duk wanda ya yi rajista. Ta kuma riƙa kai ziyarar ba-zata tsakanin tantancewa da tantancewa, ta zauna a ɗakin kwamfutoci ta gwada buɗe maƙala da kanta. Kowace jami'a ta wallafa a shafinta abin da ta ware wa laburare da abin da ta saki a kowace shekara.

Ga shugabannin jami'o'i, muna roƙon a jingine sharaɗin Scopus a duk jami'ar da ba ta samar wa malamanta damar karanta waɗannan mujallu ba, har sai ta samar. A fitar da jeri ɗaya na ƙasa na mujallun da aka amince da su, na gida da na waje, ana sabunta shi kowace shekara kamar yadda Afirka ta Kudu take yi, domin malami ya san inda zai kai aikinsa kafin ya kai. A sa mujallun Hausa da Larabci da sauran harsunanmu a cikin jerin idan sun cika sharaɗin tacewar masana. Kwamitocin ƙarin girma kuma su nemi malami ya zaɓo ayyukansa biyar mafi kyau a karanta su da gaske, maimakon a ƙirga 30 da babu wanda ya buɗe.

Muna roƙon duk mujallar da ta karɓi tallafin TETFund a wajabta mata sanya kowace fitowa a intanet kyauta, da lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake gano rubutu da ita a intanet, ga kowace maƙala, kuma a ware kuɗi na musamman domin ɗaukar hoton tsofaffin fitowa da kundayen digiri, a fara da waɗanda ruwa da gara suka fi yi wa barazana. A sa wa wannan aiki wa'adi, a kuma riƙa bayyana yawan abin da aka kammala.

Sannan a mayar wa ma'aikatan laburare matsayinsu na malamai. A ba su kwas na dole a zangon farko na kowane babban digiri, su koya wa ɗalibai yadda ake neman maƙala, da yadda ake gane mujallar bogi, da yadda ake adana manazarta, kuma a riƙa tura su horo kamar yadda ake tura mu.

Ɗalibar da na ba ku labarinta za ta kare kundinta a ƙarshen wannan shekarar karatu, kuma akwai irinta 6 a hannuna ni kaɗai. Muna roƙon a dawo mana da rumbunan da aka yanke kafin a fara zango mai zuwa, kuma a amsa wannan wasiƙa a fili kamar yadda muka rubuto ta a fili. A shirye muke mu zauna da duk wakilin da za ku turo, mu zaga da shi ɗakunan da na ambata.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira. Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin jami'a daga Arewa, a madadin abokan aikinsa da ɗalibansu.